Babi na Shida: Gani Ya Kori Ji

Akwai wata tambaya da ta yawaita a bakin jama'armu, wadda duk mai zama a rumfunan kasuwar Ƙofar Wambai, ko a dakalin ƙofar gida bayan sallar la'asar, ba zai rasa jin irinta ba. Ita ce: mutum ya je asibiti yana kukan ciwon ciki, an ɗebi jininsa an auna, an shafa masa mai a ciki an yi masa hoto, an ce ba a ga kome ba, to don me kuma likita zai ce sai an zura masa bututu ta baki ko ta dubura? Wasu kan ce neman kuɗi ne kurum. Wasu kan ce ai olsa ce, kowa ma yana fama da ita. Wasu kuwa, da zarar sun ji an ambaci jini a bayan gida, sai su yanke hukuncin cewa basir ne, su kwatanta wa mara lafiya motar mai magani da ke kiran masu basir da lasifika a bakin titi.

Tambayar tana da hujja, domin babu mai hankalin da zai miƙa wuya a shigar masa da wani abu cikin jiki alhali bai san fa'idarsa ba. Saboda haka a wannan babi za mu bi mas'alar daki-daki, mu ga inda ciwon daji na hanyar abinci yake fara tsiro, da yadda aka yi har likita ya sami ikon ganinsa da idonsa, da kuma ayyukan da wannan bututu, wanda ake kira endoskofi, yake yi a yau, waɗanda sun zarce leƙe kawai.

Inda cutar ke fara tsiro

Hanyar abinci bututu guda ne tun daga baki har dubura. Daga maƙogwaro akwai mazurari mai tsawon wajen santimita 25 da ke kai loma zuwa tumbi, daga tumbi sai ƙaramin hanji, sa'an nan babban hanji, wanda tsawonsa ya kai mita ɗaya da rabi, shi ne kuma yake ƙarewa da dubura. Bangon wannan bututu hawa-hawa Allah ya halitta shi: akwai shimfiɗar ciki mai laushi wadda abinci ke gogawa, a ƙarƙashinta akwai wata da jijiyoyin jini ke ratsawa, sai tsoka mai tura abinci gaba, sai kuma fatar waje. Galibin ciwon dajin da ke kama mazurari da tumbi da babban hanji daga shimfiɗar ciki yake farawa, ya daɗe a nan yana ɗan ƙarami, kana ya riƙa nutsawa hawa bayan hawa, har ya kai ga kaluluwar da ke kewaye, daga bisani ya bi jini ya tafi hanta ko huhu.

Abu biyu ne suka sa wannan cuta take da wuyar ganewa da wuri. Na farko, a lokacin da take kan shimfiɗar ciki ba ta cika sa zafi ba, in ma ta nuna wata alama, to alama ce mai kama da ta olsa ko basir. Na biyu, hoton da ake shafa mai a ciki da sauti yake aiki, iskar da ke cikin tumbi da hanji kuwa tana tare sautin, don haka hoton kan nuna hanta da ƙoda da madaciya sarai, amma ya kasa nuna ƙaramin tsiro a cikin hanji. Hatta babban injin hoto da ake shigar da mutum ciki, ya fi gwaninta ga ƙarin da ya riga ya yi girma.

'Yan gwanjon Ƙofar Wambai za su fi kowa fahimtar wannan al'amari. Mai sayen dila yana iya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya matsa ta, ya karanta rubutun da ke jikinta, ya yi zato bisa ga gogewarsa, zatonsa kuma sau da yawa ya yi daidai. Amma bai san haƙiƙar abin da ya saya ba, ko na ɗaya ne ko tsumma, sai ranar da aka yanke ɗaurin aka baje kayan a gabansa. Gwajin jini da hoton waje matsa dila ne. Endoskofi shi ne buɗe ta, sai dai wannan buɗewa ce da ba a yanka kome ba.

Yadda aka kai ga gani

Tun zamanin da, masana ɗibbu sun san da wannan cuta. Abu Marwan Ibn Zuhr, likitan Ishbiliya ta Andalus, wanda ya rasu a 1162, ya siffanta ƙarin da ke fitowa a mazurari da tumbi a cikin littafinsa at-Taisir, har ya yi bayanin ciyar da wanda haɗiya ta gagara ta hanyar zura masa bututun azurfa. Kafin shi, Abul Ƙasim az-Zahrawi na Ƙurɗuba ya zana surorin kayan fiɗa wajen 200 a cikin at-Tasrif. Amma dukansu, duk da zurfin iliminsu, iyakar ganinsu bakin ƙofa ne, domin kuwa, kamar yadda Ibn al-Haisam ya tabbatar da gwaji a cikin Kitabul Manazir, haske a miƙe yake tafiya, hanyar abinci kuwa a lanƙwashe take, kuma cikin mutum duhu ne. Wannan ita ce matsalar da ta gagari likitoci ɗaruruwan shekaru.

A 1868 wani likitan Jamus, Adolf Kussmaul, ya sami wani mai wasan haɗiye takobi a garin Freiburg, ya zura masa miƙaƙƙen bututun ƙarfe har tumbi. Bututun ya isa, amma hasken fitilar bai isa ba. A 1932 Rudolf Schindler, shi ma a Jamus, ya fito da wani mai jerin gilasai a ciki wanda rabinsa ke ɗan lanƙwasa. Sai a 1957 aka warware mas'alar, sa'ad da Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu da ke aiki a Jami'ar Michigan ta Amurka, shi da abokan aikinsa suka haɗa damin zaren gilashi siriri, wanda haske ke bin cikinsa ko da an lanƙwasa shi. Shi da kansa ya fara haɗiye na'urar kafin ya gwada ta a kan mara lafiya. A 1983 kuma aka sa 'yar kyamara a kan bututun, hoton ya koma fitowa a allon talbijin, inda likita da mataimakansa da ɗalibansa duk suke kallo tare.

Na'urar yau kaurinta bai wuce wajen santimita ɗaya ba. A bakinta akwai fitila da kyamara, a cikinta kuma akwai kafofin da ake hura iska, da fesa ruwa, da zuƙe datti, da wata kafa ta musamman da ake zura ƙananan kayan aiki. Likita na riƙe da maƙunnin da yake juya bakinta sama da ƙasa, dama da hagu. Wadda ake bi da ita ta baki tana duba mazurari da tumbi da farkon ƙaramin hanji. Wadda ake bi da ita ta dubura, wato kolonoskofi, tana duba babban hanji tun daga ƙarshensa har farkonsa. Sababbin na'urori suna ƙara girman abin da ake kallo, suna kuma canza launin hasken don tsarin ƙananan jijiyoyin jini ya fito fili, ta yadda tabon da ido zai wuce shi a da, yanzu ba ya ɓoyuwa.

Gutsiren da ke yanke shakka

Malamanmu sun bambanta tsakanin sanin abu ta hanyar labari da dalili, da saninsa ta hanyar gani da ido. Amma a sha'anin ciwon daji ko ganin ido bai wadatar ba. Gyambon tumbi na yau da kullum da gyambon da yake daji suna iya kama da juna ƙwarai, saboda haka ƙa'idar likitoci ita ce su zura ɗan hantsaki ta cikin bututun, su gutsiro nama da bai wuce milimita 2 ko 3 ba daga wurare da dama, a kai ɗakin bincike, inda wani ƙwararre zai yanyanka shi, ya rina shi, ya duba shi da madubin da ke ƙara girman ƙwayoyin halitta. Hukuncin wannan ƙwararre shi ne hujja yankakkiya. Kafin ya fito, duk abin da aka faɗa zato ne. Mara lafiya ba ya jin zafin gutsirar, domin shimfiɗar ciki ba ta jin yanka irin yadda fatar waje ke ji.

A nan ya wajaba mu tsaya kan wata magana da ta kafu a zukatan mutane, cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata ya bazu. Asalin wannan zato ba ɓoyayye ba ne. Mutane sun sha ganin an kai ɗan'uwansu asibiti bayan ya shekara biyu yana jinya a gida, aka taɓa shi, bayan wata biyu ya rasu, sai suka jingina mutuwar ga taɓawar, alhali kuwa cutar ta riga ta gama bazuwa tun kafin a fita da shi daga zaure. Gutsirar da ake yi ta endoskofi ba ta baza daji. Jinkiri ne ke baza shi, kuma babban sababin jinkirin shi ne wannan tsoro.

Da gutsiren nan ne kuma ake gano wata ƙwayar cuta mai zama a tumbi, Helicobacter pylori, wadda wasu likitoci biyu na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka tabbatar a farkon shekarun 1980 cewa ita ke haddasa galibin gyambon ciki, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel a 2005. Tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta lissafa ta cikin tabbatattun sababan dajin tumbi. Binciken da aka yi a Maiduguri da Kano ya nuna mafi yawan manyan mutane a Arewa suna ɗauke da ita. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu za su kamu da daji, amma wanda ke da gyambo kuma aka same ta a jikinsa, maganin mako biyu na iya kawar da ita, maimakon shekara da shekaru ana shan farin ruwan magani daga kemis.

Auna zurfin cuta

Idan an tabbatar daji ne, tambaya ta gaba ita ce: ina ya kai? Domin a kan amsar wannan tambaya ake gina dukan magani. Wanda cutarsa ke kan shimfiɗar ciki hukuncinsa dabam, wanda ta nutsa cikin tsoka dabam, wanda ta kama kaluluwa kuma dabam. Kyamara fuskar bango kaɗai take gani, ba ta ganin abin da ke bayansa. Don haka tun wajen 1980 masana suka ɗora ɗan ƙaramin injin hoton sauti a kan bakin bututun, ya zamana ana ɗaukar hoton daga ciki, inda iska ko kitse ko ƙashi ba su tare shi. Da wannan likita ke ganin hawa-hawan bangon ɗaya bayan ɗaya, ya san iyakar inda ƙarin ya nutsa, ya ga kaluluwar da ta kumbura a gefe.

Fa'idar wannan hikima ta fi bayyana ga wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, mai fitar da ruwan narkar da abinci da sinadarin daidaita sukari. A da, in an ga alamar ƙari a cikinta, sau da yawa sai an tsaga ciki kafin a san ko mene ne. Tun farkon shekarun 1990 kuwa ana iya soka siririyar allura ta cikin bututun, ta huda bangon tumbi, ta shiga ƙarin, likita na kallonta a allo, ta ɗebo abin da za a auna, mutum ya koma gida ran nan. Bayan an haɗa wannan sakamako da na babban injin hoto, sai likitan fiɗa da likitan daji da mai gashin ƙari da na'ura su zauna su yi shawara: ko a fara da fiɗa, ko a fara da ƙarin ruwan maganin da ake kira kemo, ko a fara da gashi don ƙarin ya motse. Wani ma da wannan awo ake kuɓutar da shi daga babbar fiɗar da ba za ta amfane shi da kome ba.

Cirewa ba tare da tsaga ciki ba

Yanzu mun zo ga mafi girman fa'ida. Galibin dajin babban hanji ba ya faɗowa dare ɗaya. Yakan fara ne da wani ɗan tsiro a shimfiɗar ciki wanda ba daji ba ne tukuna, kuma yakan ɗauki wajen shekara goma kafin ya rikiɗe. Ma'ana, akwai shekaru masu yawa da ƙofa take buɗe. A 1969, a birnin New York, Hiromi Shinya da William Wolff suka fara zura zargen waya ta cikin kolonoskofi, su zarga wa tsiron a wuya, su sakar masa lantarki kaɗan, ya yanke kuma jinin ya tsaya. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda ya bi diddigin mutum 2,602 da aka cire wa irin wannan tsiro, aka kuma buga sakamakonsa a 2012, ya nuna mutuwa daga dajin hanji a cikinsu ta ragu da kashi 53 cikin 100 in an kwatanta da abin da aka saba gani a sauran jama'a. Wannan ya wuce gano cuta da wuri. Hana ta aukuwa ne tun asali.

Mutanen Japan, waɗanda dajin tumbi ya daɗe yana addabarsu, su suka ɗaga aikin zuwa wani matsayi. A ƙarshen shekarun 1990, likitocin babbar cibiyar daji ta Tokyo da wasunsu suka kyautata wata dabara: a yi wa ƙarƙashin tabon allurar ruwa har ya taso ya rabu da tsoka, sa'an nan a bi kewayensa da 'yar wuƙar lantarki da aka zura ta cikin bututun, a feɗe shi a hankali, a fito da shi guda ɗaya cur. Idan mai duba nama ya tabbatar cewa dajin bai wuce shimfiɗar ciki ba, kuma gefen abin da aka ciro duk lafiyayye ne, to mutum ya warke da tumbinsa cikakke, ba tabon fiɗa a fatar cikinsa, ya kwana kaɗan a asibiti ya koma kasuwarsa.

Sai dai sharaɗin wannan aiki guda ne, ba ya kuma karɓar sassauci: a zo da wuri. Ƙasar Koriya ta Kudu tana kiran duk wanda ya kai shekara 40 a duba masa tumbi kowace shekara biyu, ko da lafiyarsa lau. A can wajen kashi 70 cikin 100 na masu dajin tumbi suna raye bayan shekara biyar, alhali a mafi yawan ƙasashe adadin tsakanin 20 ne da 40. A Amurka, wanda aka gano dajin hanjinsa bai fita daga bango ba, wajen 90 cikin 100 suna kai shekara biyar. Wanda nasa ya riga ya bazu zuwa nesa, ba su kai 20 ba. Cutar ɗaya ce, likitocin su ne dai, bambancin duk na lokaci ne.

Idan cutar ta riga ta yi nisa

Ba kowa ne ake riska da wuri ba, kuma kuskure ne babba a ɗauka cewa wanda ba za a iya warkar da shi ba, babu sauran abin da za a yi masa. Sauƙaƙa wa mara lafiya azaba ibada ce, magani ne kuma mai zaman kansa. Wanda ƙari ya toshe masa mazurari, ya bar tuwo ya koma kunu, ya bar kunu ya koma ruwa, har yawunsa ya gagare shi haɗiya, ana iya zura masa wata ragar ƙarfe a naɗe, a sake ta a daidai wurin toshewar, ta buɗe ta tokare bangon, cikin kwana ɗaya ko biyu ya koma shan fura da kunu. Haka ake yi wa mafitar tumbi ko babban hanji in sun toshe. Wanda kuma ba zai iya ci ta baki ba sam, tun 1980 aka san dabarar sa masa bututun abinci kai tsaye zuwa tumbi ta fatar ciki, da taimakon endoskofi, ba tare da babbar fiɗa ba.

Akwai kuma ciwon shawara. Mutanenmu da sun ga ido ya yi rawaya sai su nufi saiwa da ganye, alhali shawara alama ce ta cututtuka iri-iri, ɗaya daga cikinsu kuwa ƙari ne da ya matse hanyar da ruwan madaciya ke bi daga hanta zuwa hanji. Irin wannan shawara takan zo da fitsari ja wur, da bayan gida fari, da ƙaiƙayin da ke hana barci. Tun 1968 aka fara shiga wannan siririyar hanya ta cikin endoskofi, a 1974 likitocin Japan da na Jamus suka fara faɗaɗa bakinta, wajen 1980 kuma aka soma sa mata ɗan bututu don ruwan ya wuce. Idan ruwan ya sami hanya, ido ya washe, ƙaiƙayi ya lafa, abinci ya shiga, sau da yawa ma sai a sa'an nan jiki ke iya ɗaukar kemo.

Halin da muke ciki a Kano

Ƙididdigar hukumar binciken daji ta duniya ta 2022 ta nuna mutum wajen miliyan 1.9 ne suka kamu da dajin babban hanji a duniya a shekarar, kusan miliyan ɗaya kuma da na tumbi. A Nijeriya an kiyasta sababbin masu ciwon daji iri-iri sama da 120,000, da mutuwar kusan 80,000. Abin da likitocin ƙasar nan suka sha bayyanawa game da dajin hanji shi ne, yana kama mutanenmu da ƙarancin shekaru fiye da na Turai, yana yawan zama can ƙasa kusa da dubura, kuma mafi yawan masu shi ba sa zuwa sai ya yi nisa. Zamansa kusa da dubura shi ya sa ake rikita shi da basir. Shi ne kuma ya sa sau da yawa likita na iya taɓa shi da yatsa a duban farko, in an ba shi dama.

Mutumin Ƙofar Wambai ba shi da uzurin nisa. Asibitin Murtala, wanda ke tsaye tun ƙarshen shekarun 1920, yana nan kusa da Ƙofar Mata, tafiyar ƙafa ce. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da aka kafa a 1988 a kan titin Zariya, yana da sashen endoskofi da ɗakin binciken nama, akwai kuma asibitoci masu zaman kansu a cikin gari da ke yin wannan aiki. Masu buƙatar gashi an daɗe ana tura su Shika ta Zariya ko asibitin koyarwa na Sakkwato. Amma gaskiya ɗaya ce: ayyuka masu zurfi, irin su hoton sauti daga ciki da feɗe tabo da shiga hanyar madaciya, cibiyoyi kaɗan ne ke yin su a duk faɗin ƙasar nan, domin na'urorin da tsada, gyaransu da wuya, suna buƙatar wutar da ba ta yankewa da wanki na ƙa'ida bayan kowane mutum, horar da gwani guda kuma aikin shekaru ne. Galibin mutane daga aljihunsu suke biya, don haka shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha ko inshorar tarayya tun ana lafiya yana daga cikin kyakkyawan tanadi. Haƙƙi ne kuma a kan hukuma da mawadatan birnin nan, waɗanda Allah ya buɗa wa ta hanyar kasuwa, su san cewa sayen na'ura da ɗaukar nauyin horar da likita sadaka ce mai gudana.

Tsoro da kunya

Duban tumbi bai cika wuce minti goma zuwa goma sha biyar ba. Ana buƙatar mutum ya bar abinci awa shida zuwa takwas, a fesa masa maganin da ke kashe jin maƙogwaro, in ya so a yi masa allurar da za ta sa shi gyangyaɗi. Numfashi kuwa ba ya tsayawa, domin hanyar iska dabam take. Duban hanji yakan ɗauki wajen rabin awa, wahalarsa kuma tana ga maganin wankin cikin da ake sha kwana guda kafin a zo, wanda in ba a sha shi yadda aka umarta ba, likita ba zai ga kome ba. Haɗari akwai shi, kamar zubar jini ko hujewar hanji, amma a duba na yau da kullum bai kai mutum ɗaya cikin dubu ba da hanjinsa ke hujewa.

Game da kunya kuwa, malaman fiƙihu sun daidaita a kan cewa buɗe al'aura don magani ya halatta saboda larura, gwargwadon abin da larurar ta buƙata. Ana lulluɓe mara lafiya, mace kuma tana da haƙƙin neman mace ta duba ta in akwai, ko a tsayar mata da ma'aikaciya a ɗakin. Neman magani ba ya warware tawakkali, kuma ba ya kore imani da ƙaddara.

Ga alamomin da bai halatta a yi musu shiru ba: abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji, rama ba dalili, amai da ya ƙi tsayawa ko aman jini, bayan gida baƙi ƙirin ko mai jini, canjin yanayin bayan gida da ya wuce makonni, ƙarancin jini ga namiji ko ga macen da ta daina al'ada, ciwon ciki da ya fara sabo bayan an haura shekara 40, ko olsar da ta ƙi jin magani. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi dajin hanji, ya kamata a duba shi tun yana shekara 40, ko kafin haka in na gidan nasu ya kamu da ƙuruciya. Mafi yawan masu waɗannan alamu za a duba a tarar ba daji ba ne, su koma gida da kwanciyar rai. Amma mai basir ma yana iya samun daji a samansa, kuma babu mai raba su sai wanda ya leƙa.

Akwai wata gaɓa da wannan bututu ba ya ganin cikinta, alhali dajinta yana daga cikin mafi kisa a ƙasar Hausa, wato hanta. A babi na gaba za mu yi bayanin ƙwayar cutar hanta da uwa kan ba jaririnta ba ta sani ba, da dafin funfunar da ke kama gyaɗa da masara a rumbu, da allurar rigakafin da ake yi wa jariri a ranar haihuwa. Kafin nan, duk wanda ya san yana da ɗaya daga cikin alamomin da muka lissafa, ko ya san wani nasa mai ita, ya je asibiti cikin makon nan, ya kuma tambayi likita ƙarara ko yana buƙatar a duba cikinsa da endoskofi.